Furen Agogo Da Jan Biro

A bayan ɗakina, nan Batagarawa, akwai wata 'yar rumfa ta turaku da waya wadda wata shuka mai yaɗo ta lulluɓe. Duk baƙon da ya shigo ya ga furenta sai ya tsaya ya tambayi sunanta, ni kuwa in ce masa furen agogo. Yarana ne suka raɗa mata wannan suna, saboda furen zagayayye ne, da zarurruka jere kamar lambobin agogon bango, ga wasu 'yan sanduna uku a tsakiya kamar hannuwansa. Daga baya na gano ashe mutanen Japan da na Iran su ma da agogo suke kwatanta ta a harsunansu. Masana tsirrai Passiflora suke ce mata, sunan da Linnaeus ya tabbatar a 1753, kuma danginta sun haura 500, akasarinsu 'yan asalin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Wadda ke gidana ita ce mai 'ya'ya rawaya, masu girman ƙwan agwagwa, masu tsami-tsami da ƙanshi, waɗanda ake matsewa a yi abin sha.

Mai karatu na iya cewa, to me ya kawo zancen lambu cikin mujallar marubuta? A ɗan yi mini haƙuri. Wannan shuka ce ta jefo mini wata tambaya wadda na daɗe ina aikin koyarwa ban taɓa yi wa kaina ita ba. Tambayar ita ce, idan aka damƙa maka ɗan wani, ko rubutun wani, aka ce ka gyara, ina iyakar haƙƙinka a kansa? A wane wuri ne gyara ke tashi daga gyara ya koma shafe mutum?

A daminar 2017 wani abokin aikina ya taho mini da rassanta guda takwas daga Zariya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Dasa ta ba wuya. Ana neman reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, mai kaurin fensir, a yanko shi da gaɓa uku ko huɗu, a sa wuƙa dab da ƙasan gaɓar ƙarshe domin nan ne saiwa ta fi saurin fitowa. A cire ganyen ƙasa, a bar ɗaya a sama, shi ma a raba shi biyu don kada ya zuƙe ruwan reshen tun bai yi saiwar da zai sha da ita ba. Sai a soka shi cikin leda mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa ana yayyafa masa ruwa. A ƙasarmu watan Yuli ya fi dacewa da wannan aiki, lokacin da iska ke da laima. Wanda ya gwada cikin hunturu ko zafin Afrilu, itacen girki ya dasa. Cikin wata guda shida daga cikin takwas ɗin suka yi toho. Na haƙa ramuka, na kafa turaku, na ja waya, na riƙa ba su ruwan da muke saye wajen 'yan garuwa duk tsawon rani, har uwargida ta fara yi mini ba'a wai na yi mata kishiya.

Da damina ta zagayo suka rufe rumfar ruf, suka ɓarke da fure. Furen nan da rana tsaka yake buɗewa, kafin dare ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Kullum na dawo daga makaranta sai in tarar da su birjik, bayan kwana biyu in share su a ƙasa. Ko ɗa ɗaya ban gani ba. Na ƙara taki, na rage taki, na zargi iska, na zargi tururuwa. Ana nan sai malamin aikin gona na makarantarmu ya kawo mini ziyara. Ya zagaya rumfar, ya ce, "Malam, daga uwa nawa aka yanko maka su?" Na ce uwa ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "To ai shuka ɗaya gare ka, ba shida ba."

Ya bayyana mini cewa irin wannan mai rawaya ba ta cika ɗaukar 'ya'ya da garin furenta na kanta ba, sai an kawo mata na wata wadda ba jininsu ɗaya ba. Mai kawo shi kuwa shi ne babban baƙin ƙwaron nan, ɗan'uwan ƙudan zuma, wanda ke huda itacen rumfa ya yi gida. A Barazil, inda aka fi noma ta, har da hannu manoma ke bi da yamma suna shafa garin wannan fure ga wancan. Ƙwaron yana zuwa gidana, yana kuma aikinsa, amma duk inda ya sauka uwa ɗaya ce yake tararwa. Fure ya yi ta buɗewa yana jiran baƙo, ba baƙo.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ashe reshen da aka dasa ba ɗa ba ne, uwar ce da kanta a wani rami. Zaƙinta zaƙinsa, tsaminta tsaminsa, ciwonta ciwonsa. Abin da ya tsiro daga iri kuwa yana da iyaye biyu, ya ɗauko nan ya ɗauko can, ya fito da wani hali wanda ba a taɓa gani ba, mai kyau ko maras kyau. Mai lambu ba ya sanin abin da iri zai ba shi sai ya ɗanɗana. Reshe kuwa tun ranar da ya yanko shi ya san abin da zai ci.

Kada a ɗauka ƙasƙantar da reshe nake yi. Bahaushe ya daɗe da sanin darajarsa. Dangar gonakinmu da dashi da bini-da-zugu ake kafa ta, a sari reshe a soka a ƙasa ya kama. Cediyar da dattawa ke zama ƙarƙashinta a ƙofar gida, sau da yawa turke ne wani ya kafa ya rayu. Rogo da dankali da rake duk da jikinsu ake shuka su. Wanda ya sha mangwaro mai aure ya ji daɗi ya binne ƙwallonsa, yana iya shekara shida yana jira ya sami mai zare. In yana son wancan zaƙin dai, dole ya nemo reshe a yi masa aure. Wato reshe riƙon amana ne, shi ke tsare abu mai kyau kada ya ɓace. Haka abin yake a fagen ilimi da sana'a. Mai kwafar littafi ba a son ya ƙara ko ɗigo, ɗan maƙeri sai ya ƙera lauje irin na ubansa kafin a saurari ra'ayinsa, shi ya sa ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Kuma ban san marubucin da bai fara da kwaikwayon wani ba.

Sai dai amanar nan tana da farashi. Manomin rogo ya san in ganyen uwa ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, duk karan da aka yanka daga jikinta da ciwon zai tsiro. A shekarun 1950 wata cutar ƙasa ta durƙusar da gonakin ayabar da ake kira Gros Michel a Amurka ta Tsakiya, domin dukansu jiki ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya ya kayar da sauran. Ni kuwa ga nawa farashin a bayan ɗaki: fure fal, kwando wayam.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa maganar malamin gona ta hana ni barci, don ba 'ya'yan itace ne suka dame ni haka ba.

A 2013 ina da wani ɗalibi a aji biyu na babbar sakandare, ɗan wani ƙauye ta wajen Ajiwa. Yaro ne shiru-shiru. Wata rana ya miƙo mini littafin rubutu, ya ce labari ya rubuta. Labarin kakarsa ne da jakinta da ya ɓata lokacin kwasar tumatirin rani, da yadda ta bi ƙauye-ƙauye tana cigiya, tana faɗa da duk wanda ya ce ta haƙura. Shafi tara ne. Jimlolinsa gajejjeru, ba karin magana ko ɗaya, ba kuma darasi a ƙarshe. Tsohuwa ta dawo gida ba jaki, ta ɗora tukunya, shi ke nan. Daɗin daɗawa, da Katsinanci tsantsa tsohuwar ke magana: "shina nan", "mi ka ce", "in tahi", "icce". Na karanta na yi dariya har da ƙwalla, sannan na ɗauko jan biro.

Sau shida na sa shi ya sake kwafe labarin nan. Na mayar da bakin tsohuwa Daidaitacciyar Hausa. Na haɗe gajerun jimloli suka zama dogaye masu "ko da" da "sai ga shi". Na cusa karin magana har bakwai. Na ce labari ba ya ƙarewa haka kawai, sai aka ga jakin a gidan wani maƙwabci, aka kai shi gaban alƙali, aka yi wa masu karatu gargaɗi a kan cin amana. Ranar rabon kyaututtuka aka karanta shi, aka tafa, wani malami ya raɗa mini a kunne, "Wallahi kamar kai ka rubuta." Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Yau kuwa in na tuna ta, kunya ce ke kama ni. Yaron bai sake kawo mini komai ba har ya gama makaranta.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A ƙungiyar adabi da nake jagoranta lokacin akwai yara goma sha biyu, kuma in ka rufe sunayensu ba za ka iya bambance rubutun wannan da na wancan ba. Duk da "Wata rana a wani gari" suke farawa, duk da wa'azi suke rufewa. Ina alfahari da su, ina cewa na kafa makaranta. In suka karanta wa juna aikinsu ba mai mamaki, ba mai musu, ba wanda ya ji abin da bai taɓa ji ba, don kowa kansa yake ji a bakin ɗan'uwansa. Rumfa ce ta rassa goma sha biyu daga uwa ɗaya.

Abin dariyar ma, uwar ba ni ba ce. Ni kaina reshe ne, domin tun ina firamare salon Alhaji Abubakar Imam ya shiga jinina, na ɗauka in ba haka aka rubuta Hausa ba to ba a rubuta ba. Ga shi kuwa Imam ɗin bai fito daga uwa ɗaya ba. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, yana da karatun Larabci na gida, ga na boko da ya yi a Kwalejin Katsina. Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937 ta tsinto daga labaran Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, ta zuba su cikin bakin Bahaushe. Garin fure daga lambuna da yawa ne ya haɗu ya ba da wannan ɗa. Mu da muke ƙaunarsa sai muka yi ta yankan rassansa muna dasawa, muka bar abin da ya sa ya zama shi. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

To shin mafita ita ce a ajiye wuƙa, a bar kowa ya yi yadda ya ga dama? Rumfar nan ta hana ni wannan amsa mai sauƙi. Furen agogo a kan sabon toho take fure ta yi 'ya'ya. In ka bar ta ba aski, sai ta cukurkuɗe, sababbin rassa su hau tsofaffi, ciki ya yi duhu ya tara ƙwari, 'ya'ya su ƙaranta. A shekarar farko dole ka zaɓi reshe ɗaya ka ɗaure shi ga turke, kana tsinke na gefe har ya kai waya, sannan ka datse kansa ya rabu biyu ya bi hagu da dama. Bayan an gama cin 'ya'ya kuma a rage rassan da suka riga suka haihu, a cire busassu da masu jan ƙasa. Malamin da ya ga kuskure ya yi shiru wai don kada ya ɓata wa yaro rai, ba tausayi ne ya yi ba, lalaci ne. Ɗalibina zai zauna jarrabawar WAEC da NECO, kuma a can ba a yafe wa wanda bai san inda ake raba kalma ba, ko wanda ya rubuta ƙ ba lanƙwasa. Wannan haƙƙinsa ne a kaina, da na bar shi da na ci amanarsa.

Amma ita shukar tana da iyakar abin da take ɗauka. Wanda ya yi mata ƙwal-kwabo, ya mayar da ita kututture, sau da yawa ba ta farfaɗowa. Wanda ya datse ta tana cikin ƙishirwa, ya ƙara mata ciwo a kan ciwo. Akwai kuma wata cuta da ke sa 'ya'yanta su ƙanƙance su yi tauri kamar itace, wadda almakashin mai lambu ke iya ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan in bai tsabtace shi ba. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba ni tsoro, domin duk malami da duk edita yana yawo da nasa ciwon a bakin almakashinsa. Nawa ciwon shi ne son wa'azi da tsoron gajeriyar jimla, kuma na shafa wa duk yaron da na taɓa.

A nan ne kwatancin ya gaza, kuma a nan ne wahalar take. Busasshen reshe ba ya ɓuya, ko yaro ya gan shi. A rubutu kuwa, yaya zan bambance abin da ya mutu da abin da kawai bai yi kama da nawa ba? Lokacin da na soke "shina nan" daga bakin tsohuwar nan, na rantse gyara nake yi. Zuciyata ba ta ce mini son kai ne ba. Mai iko a kan wani, uba ne ko malami ko shugaban ƙungiya, da wuya ya ji kansa yana zalunci. Abin da yake ji shi ne yana taimako. Shi ya sa kyakkyawar niyya ba ta isa hujja ba. Mai gyaran gira da ya tsone ido, shi ma da niyyar alheri ya fara.

Wani zai ce, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro ɗan shekara goma sha bakwai bai san abin da yake so ba. Na yarda da rabin wannan magana. Bai san ƙa'ida ba, ni na sani, don haka ƙa'ida tawa ce in koya masa. Amma ya san kakarsa, ni ban san ta ba. Ya san yadda take magana, ya san ba a ga jakin ba, ya san cewa a ƙauyensu abu kan ɓata ya tafi ke nan ba alƙali ba sakayya, a dawo a ɗora tukunya. Wannan sani nasa ne, shi ne abin da ya zo da shi wanda babu a littattafan da na karanta. A ganina iyakar ke nan: ina da iko a kan abin da na fi shi sani, ba ni da iko a kan abin da ya gani ni ban gani ba. Na tsallake wannan iyaka ne saboda na ɗauka wanda ya fi ka sanin nahawu ya fi ka sanin komai.

'Yan'uwa masu zama a taron karatu na ƙungiya, wannan magana ta shafe mu. A farkon shekarun 1990, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karɓu, an yi ta yankan rassansa har kasuwa ta cika da littattafai masu kama ɗaya. Aka yi ta muhawara a jaridu a kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano, kuma a fahimtata wasu daga cikin masu sukar ba wai sabon iri suke nema ba, so suke a koma yanko reshe daga tsohuwar uwa. Yau labarai sun koma WhatsApp da Wattpad, amma in ka karanta goma sai ka rantse mutum biyu ne suka rubuta su. Idan sabon marubuci ya miƙe a gabanmu da takardarsa tana rawa a hannu, muka yi masa ca, yana da kyau kowannenmu ya tambayi kansa, wannan wurin da nake cewa a cire, matacce ne, ko kuwa baƙo ne kawai a kunnena?

A 2021 na tari Keke Napep a Ƙofar Ƙwaya zan koma gida, sai direban ya waiwayo ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ku gane ni ba?" Shi ne. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya ce tsohuwa ta rasu shekara uku da suka wuce. Muna tafe na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana rubutu har yanzu. Ya ce ina, neman abinci ya sha kansa. Ba zan ɗora wa kaina dukan laifin ba, don na san abin da talauci ke yi wa baiwa. Amma da na ambaci labarin jaki sai ya yi murmushi ya ce, "Ai Malam kun gyara shi ya yi kyau. Sai dai da na kai gida na karanta wa Kaka, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, wai wace tsohuwa ce wagga mai iyayi?" Muka yi dariya tare. Da muka iso Batagarawa ya ƙi karɓar kuɗina, na yi na yi ya ƙi.

Ita kuwa rumfa, a 2019 wani ɗan'uwa ya sayo mini 'ya'yanta rawaya daga Jos, na wanke irin na shuka, uku suka rayu. Da suka yi fure a shekara mai zuwa, sai ga tsofaffin rassan nan shida da na kusa tumɓukewa sun ɗauki 'ya'ya har waya na lanƙwasa. Cikin ukun nan ɗaya 'ya'yanta ƙanana ne, ga tsami kamar tsamiya, yara ba su ko kallon ta. Na bar ta, domin ita ta fi kowa yawan fure, kuma a kanta baƙin ƙwaron ke fara sauka. Shukar ba ta da tsawon rai, shekara huɗu ko biyar ta fara gajiya, don haka waɗanda ke kan rumfar yanzu jikoki ne. Har yau ina dasa reshe, amma daga uwa dabam-dabam, kuma duk shekara ina binne iri kaɗan in ga abin da zai fito.

A kan teburina yanzu akwai labarin wata ɗaliba 'yar aji uku, shafi goma sha huɗu, ya yi mako uku a wurina. Na gyara mata rabon kalmomi da lanƙwasa da jan biro, sauran kuwa da fensir nake bi. A shafi na huɗu akwai wata jimla da ta tsaya mini a maƙoshi, ba ta saɓa wa nahawu ba, amma ni ba zan taɓa rubuta ta haka ba. Na zagaye ta sau biyu, na goge sau biyu. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kira ta in tambaye ta a bakin wa ta ji ta.